Baba Jatau da Motar Marigayi Iliya

Da an idar da sallar asuba a Talata Mafara, za ka ga Baba Jatau ya nufi gindin darbejiyar nan ta bakin hanyar Bakura, bokiti a hannu, tsumma a kafaɗa. Ya share wurin, ya cika duro da ruwa, ya zauna jiran motoci. A kan wankin mota ya yi furfura. Yanzu da ciwon gwiwa zai sa ya ajiye aikin, na ga bai kamata mu bar shi ya tafi shiru ba.

Direbobin Maradun da Janbako sun san hannunsa: mota ta zo buɗu-buɗu da jar ƙasa, ta fita tas. Ni kuwa abin da na gani ranar da na kai babur ɗina wanki shi ya sa ni wannan rubutu.

Malama Dorcas maƙwabciyarmu ce, ma'aikaciyar jinya. Mijinta Iliya ya rasu bara, ya bar mata baƙar motarsa da yake ji da ita matuƙa. Ana gobe zan kai babur ɗin, ana fesa wa ƙofar wani gida farin fenti, iska ta kwaso feshin ta yayyafa wa motar gaba da baya. Ta wanke da sabulu, bai fita ba. Wani ya ce ta sa fetur, wani ya ce soson ƙarfe, wani ya ce sai sabon fenti.

Ina nan ta iso wurin Baba Jatau da motar, idanunta jajur. Bayan sun gaisa ta ce, "Baba, in aka sake mata fenti, ai ba motarsa ba ce kuma."

Ya shafa jikin motar da tafin hannu. "Ba ki sa mata komi ba bayan sabulu?"

"Ban sa ba."

"Madalla. Bisa yake, bai shiga ba. Samu wuri ki zamna, ɗiyata."

Ya sa aka tura motar inuwa, ya bari ƙarfen ya huce, ya wanke ta sarai. Sannan ya ɗauko wata laka ta kanti mai laushi kamar cingam, wadda aka yi don tsince datti daga jikin fenti. Ya gutsuri kaɗan ya faɗaɗa a tafinsa. Sai ya jiƙa ɗan wuri da ruwan sabulu sharkaf, ya riƙa zame lakar a kai a hankali, ba dannawa. In fuskarta ta yi datti, ya ninke ta ya fito da mai tsabta.

Ana cikin haka lakar ta suɓuce ta faɗi ƙasa. Sadi, wani direba da ke jiran layi, ya ɗauko. "Baba, a ɗauraye ta mana."

"Jefar da ita, Sadi. Ƙwayar yashi guda in ta maƙale ciki, ita za ta zane motar ga duka."

Ya gutsuri sabuwa ya ci gaba. Kafin la'asar babu ɗigon fari ko ɗaya. Ya shafe ta da man ƙyalli, baƙin ya dawo sumul.

Malama Dorcas ta zagaye motar tana shafawa, ta sauke ajiyar zuciya, ta yi dariya da hawaye. "Baba, tun jiya ban iya cin komai ba. Sai yanzu na ji yunwa."

Kai ne wannan, Baba Jatau, mai hannu da sanyi. Ba ka taɓa raina abin da wani ke so ba, ko tsohuwar a-kori-kura ce. Ba ka gaggawa a kan kayan mutane.

Mun gode. Allah ya ba ka lafiyar gwiwa, ya sa ka huta cikin jikokinka. Ku kuma masu tasowa a wannan sana'a, ku je ku zauna kusa da shi tun yana iya nuna muku da hannunsa.