Ranar da Malam Sale Ya Zaga da Baƙi Cikin Keffi

Malam Sale ma'aikacin ɗakin ajiye fayil ne a wata ma'aikata a Abuja, amma a Keffi yake kwana. Shekara goma sha tara ke nan yana wannan zirga-zirga: ya yi asuba, ya kama mota a bakin titi, ya sha cunkoson Mararaba da Nyanya, ya dawo bayan magariba ƙafafu a kumbure. Mota ɗaya muke shiga, a nan na san shi, a nan kuma ya ba ni wannan labari da bakinsa, yana yi yana kallon taga.

A unguwar Liman Abaji aka haife shi, cikin tsohon gari. Da ya yi aure sai ya gina ɗakuna uku can wajen hanyar Akwanga, ya kwashe iyalinsa. Iyayensa sun daɗe da rasuwa. A gidan gado babu babban da ya rage sai ƙanwar babansa, Gwaggo Inno, wadda ta goya shi yana ƙarami. Da farko yakan leƙa ta duk Asabar, daga baya sai da salla, daga baya kuma ya gaji da neman uzuri, ya aika mata cewa aiki ya mayar da shi Abuja gaba ɗaya. Shekara uku bai taka gidan ba.

Mutum ne mai kirki a wurin aiki, ba ya ɓoye fayil ɗin kowa. Aibinsa baki. In aka fara hirar garuruwa a ofis, ba ya bari a kai ƙarshe.

"Ku bar zancen nan," zai ce. "Keffi garin tarihi ne. Ku zo wata rana in zaga da ku, lungu-lungu na san shi."

Bai taɓa zaton wani zai amsa ba. Sai ga abokin aikinsa Boaz ya ce shi da matarsa Keziya za su tafi biki Jos, za su yada zango a Keffi ranar Asabar su wuni. Keziya malamar tarihi ce a sakandare, tana son ta kai wa ɗalibanta abin da ta gani da idonta.

Suka iso da hantsi. Keziya ta sauko daga mota riƙe da littafi da biro. Ya kai su ƙofar fada suka yi hoto, suka ratsa kasuwa, suka tsaya a gada suka kalli kogin Antau. Tambaya kuwa ba ta yanke ba. Shi dai sunan Abdu Zanga, wanda ya kafa garin, ya riƙe tun firamare, sai sunan Magaji Ɗan Yamusa da labarin Baturen da ya kashe lokacin zuwan Turawa. Bayan wannan babu.

"Malam, ta ina ganuwar gari ta bi?" in ji Keziya.

Ya waiga ya hango wani tudun jar ƙasa a gefen hanya, ya nuna shi. "Ga ragowarta nan, Madam."

Wani mai faci da ke zaune kusa ya ɗago kai. "Alhaji, wannan ai ƙasar da katafila ta tara ce bara, da ana gyaran kwalbati."

Boaz ya yi tari ya juya baya. Malam Sale ya ce ai a gurbinta aka tara ƙasar, ya yi gaba da sauri.

A dutsen Maloni abin ya ƙara lalacewa. Tun yana yaro yake hango dutsen, amma bai taɓa hawa ba. Ya ɗauke su ta wata hanya da ta ƙare a bayan katangar mutane, suka dawo, suka sake wata. Kafin su kai rabi numfashinsa ya sarƙe, ya zauna a kan dutse yana fifita da hula. Don ya wanke kansa sai bakin ya sake jan shi.

"Kakan babana yana cikin mayaƙan Magaji," ya ce. "Takobinsa ma na nan a gidanmu har yau."

Keziya ta rufe littafi. "Don Allah Malam, ko ba mu ga komai ba yau, mu ga wannan takobi."

Ya ce gidan da nisa. Boaz ya ce ai da mota. Ya ce lungun ba ya shiguwa. Keziya ta ce ƙafarta lafiya lau.

Haka suka shiga Liman Abaji bayan azahar. Abin da ya fara gani shi ne zauren gidansu, gefe guda ya rufta, an kare da tsohon kwano. Bai ma ji labari ba. A tsakar gida Gwaggo Inno na zaune tana tsintar wake, ta rame, idanun sun yi fari-fari. Ya yi sallama, ya durƙusa.

"Wa nake ji kamar Sale?" ta ce. "Lale, lale. Yaushe a gari? Ya mutanen Abuja?"

Boaz, da zuciya ɗaya, ya yi dariya. "Mama, ai kullum daga nan Keffi yake zuwa mana. Shi ne ma ba ya makara."

Malam Sale ya ce mini da ƙasa za ta tsage ta haɗiye shi a lokacin, da ya fi masa. Gwaggo dai ta sa aka kawo wa baƙi ruwa. Da Keziya ta gaishe ta ta tambayi takobi, tsohuwar ta yi dariya har da tari.

"Takobi a gidan nan? 'Yata, kakanmu marini ne. Ran da aka ce Turawa na tafe, rumbu ya shige, sai da yunwa ta fito da shi."

Ta dafa bango ta miƙe, ta kai su bayan ɗaki, ta nuna musu bakin rijiyoyin rini guda uku da aka cike da ƙasa, da wani gungumen itace da ya yi sulɓi saboda bugun tufa. Ta faɗi yadda ake jiƙa ganyen baba da toka a haɗa ruwan rini, da yadda hannun babanta ya zauna shuɗi har ya koma ga Allah. Keziya ta zauna a ƙasa kusa da ita, awa biyu tana rubutu. Malam Sale na tsaye jikin bango. A nan ya yi wasan ƙasa yana yaro, amma bai taɓa tambayar mene ne ramukan ba.

Da za su fita, Gwaggo ta riƙo hannun rigarsa, ta rage murya.

"Mai kawo mini itace maƙwabciyarku ce. Na daɗe da sanin ba ka bar garin nan ba. Na so in rufa maka asiri ne a gaban baƙinka."

A bakin mota ya tattaro ƙarfin hali ya ce wa Keziya ta soke duk abin da ya gaya mata da safe.

"Kar ka damu, Malam," ta ce a hankali. "Ban rubuta su ba."

Ranar Litinin mutanen ofis suka tambayi Boaz yadda yawo ya kasance. Ya ce sun ga abin da ba su taɓa gani ba, bai ƙara komai ba. Wannan ma sai da ya hana Malam Sale haɗa ido da shi har mako biyu.

Ya sa an tayar da zauren kafin damina. Yanzu duk Asabar yana can, wani lokaci da 'ya'yansa. Gwaggo ba ta sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Sai dai duk zuwan da zai yi, sabuwar tabarma take sa a shimfiɗa masa, a kawo masa ruwa a kofin tangaran, ta yi masa doguwar gaisuwa irin ta wanda ya zo daga nesa.

"Jira nake," ya ce mini, muna tsaye a cunkoson Masaka, "ranar da za ta daka mini tsawa, ko ta aike ni kasuwa sayen daddawa."