Na Ce Da Sauƙi

An ɗaure ni a gidan yarin Gwandu saboda na fasa kan maƙwabcina a rigimar iyakar gona. Lokacin Nasara bai daɗe da cin ƙasar ba. Aikinmu ɗibar ƙasa a kwando, muna cike kwarin hanyar da ta nufi Kalgo.

Dokar kowa ya san ta. Mara lafiya ya kwanta a ba shi magani. Wanda ya yi ciwon ƙarya kuwa bulala, a kuma rage masa tuwo. Shi ya sa ba mai yarda da nishin wani. In ka cika tari, na kusa da kai sai ya matsa, kar a ce tare kuka ƙulla.

Farkon damina kurkunu ya kama ni a idon sawu. Bai fasa ba tukuna, sai zugi kamar an cusa garwashi. Na gaya wa gandiroba. Ya zunguri wurin da sanda.

"Kai, ɗan Kambaza, jiya ka ci tuwo?"

"Na ci, ranka ya daɗe."

"Ka siɗe akushi tas, yau kuma ciwo? Bari likita ya zo."

Likitan Bature ne mai zagaye. Tafintansa mutumin gabas ne, rawani fes. Shi ya tsaya a kaina.

"Sannu. Yaya jiki?"

Babba ya gaishe ka a gaban jama'a, me za ka ce? Ko mai gargarar mutuwa amsarsa ke nan. Na ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Ina jira ya tambayi inda ke ciwo.

Bai tambaya ba. Ya juya ya yi wa Bature 'yar magana. Bature ya gyaɗa kai ya wuce.

"Malam, ai ban gama ba."

"Da bakinka ka ce da sauƙi."

Tafintan Bahaushe ne, ya san gaisuwa daban, faɗin ciwo daban. Da za su tafi na ga gandiroba ya riƙe masa linzamin doki, suna magana ƙasa-ƙasa. Ban ji me suka ce ba. Na dai san ana neman masu aiki a hanya kafin ruwa ya yi ƙarfi.

Aka yi mini bulala, aka mai da ni ga kwando. Kurkunun ya fasa a cikin taɓo, sarƙar ƙafa ta tsinke tsutsar, ƙafa ta kumbura har gwiwa. Kafin a yarda ciwo nake, agara ta ƙage. Diddigen bai sake taɓa ƙasa ba.

Yanzu ina Kambaza, a zauren ƙanena, ina tufka igiyar rama a zaune.