Illo da Kwano Guda

Yayana Illo manomin lambu ne a bakin tafkin Madarumfa. Salak da tumatir da albasa yake yi, kuma duk garin an san shi da abu biyu: ba ya cutar kowa, ba ya jin maganar kowa. Ni Ɗelu, da nake bi masa, na fi kowa shan wahalar na biyun.

Taurin kan nasa da dalilinsa. Da mahaifinmu ya rasu, yayyenmu suka raba gonar hanyar Safo, kuma har yau akwai biyu a cikinsu da ko a wurin jana'iza ba sa gaisawa. Tun daga nan Illo ya tsani duk abin da za a ce wannan na wane ne, wancan na wane. 'Ya'yansa maza, Idi da Ɗan Baba, kwano guda suke ci, keke guda suke hawa, in ɗaya ya yi laifi su biyu ake tsawata wa.

Babbar 'yarsa Bushira ce ta faɗi birebe, jarrabawar gama kwaleji. Makaranta ta ce dama ɗaya ta rage mata, in ta sake faɗuwa sai zaman gida, ga yarinya da son boko kamar ranta. Illo ya sayar da albasarsa ya sayo wata tsohuwar kwamfuta a hannun wani direba a Ɗan Issa. Lawali mai gyaran waya a tasha ya goge abin da ke cikinta ya zuba mata Linuks, wani tsari da ba a saye, kowa na iya ɗauka ya gyara yadda yake so. Wannan ya yi wa Illo daɗi ƙwarai, ya ce abin jama'a ne, da albarka. Lawali ya cika ta da darussa da tambayoyin jarrabawar shekarun baya.

Ba a jima ba samarin gidan suka gano tana nuna kokowa da ƙwallo. Illo ya saɓa ta ya koma tasha, inda nake suyar kifi dab da rumfar Lawali, don haka a gabana aka yi.

Lawali ya ce, "Baba Illo, abu mai sauƙi na. Kowane yaro in buɗe mishi ɗakinshi cikin odinatar, wato kwamfutar, da kod ɗinshi na sirri. Babban makulli na hannunka. Ka ba kowa lokacinshi, in ya ƙare ta kulle da kanta."

"Kullewa na ji, ina so," in ji Illo. "Amma ɗaki ɗaki? Ba ka raba mini ɗiya. Ɗaki guda, lokaci guda, su yi zumunci."

Lawali ya waiwayo ya dube ni. Na ce, "Yaya, ka saurari mai sana'a mana." Ya ce, "Ɗelu, kifinki na ƙonewa."

Haka aka yi: ɗaki guda, awa biyu a yini, su uku. To, kowa ya san yadda yamma take a gidajenmu. Maza su dawo daga makaranta su jefar da jaka su zauna. Bushira kuwa ga shara, ga ɗibar ruwa, ga wanke salak ta kai wa uwarta Mariama kasuwa. Kafin ta tsane hannu ta zauna, ƙannenta sun cinye awa biyun tas, kwamfuta ta kulle sai gobe. Ba mugunta ba ce, yara ne aka ajiye wa abu a gaba. Ita kuma an rene ta a kan cewa babba shi ke haƙuri, sai ta ja bakinta ta yi shiru.

Ni ban iya shiru ba. Na same shi a lambu na faɗa masa, ya ce ta yi magana da ƙannenta. Na sake samunsa, ya ce ina son in shiga tsakanin 'ya'yansa. Da malaminta ya aiko cewa makin Bushira bai motsa ba, kun san abin da bawan Allahn nan ya yi? Cewa ya yi wasa ne ya yi yawa, ya je ya sa Lawali ya mayar da awa biyun awa ɗaya, ya kuma ce in abin bai yi amfani ba zai sayar. Ranar kam na ji kamar in kife kaskon mai don takaici.

Wata yamma na shiga gidan na tarar Mariama tana kwasar tuwo. Na karɓe mara daga hannunta, na zuba rabon Illo a kwanon samarin, na ce su ci, ni na ba su. Mariama ta dafe ƙirji ta ce ita babu ruwanta. Bayan magariba Illo ya shigo da taɓo har gwiwa, ya wanke hannu ya zauna a tabarmarsa. Na miƙa masa kwanon yaran, an suɗe shi fes.

"Mi ne ne wanga?"

"Kwano guda, Yaya. Kai ka yi latti. Ka yi magana da ɗiyanka."

Ya miƙe a fusace, har na fara neman takalmina. Sai idonsa ya kai zaure. Bushira na zaune gaban kwamfutar, hannunta jiƙe da ruwan wanke-wanke, littafi buɗe a cinyarta, tana kallon allon da ya kulle. Ya tsaya ya tambaye ta yaushe rabonta da karatu a ciki.

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, tun da anka sa kullin ban taɓa iske ta buɗe ba."

Bai nemi wani tuwon ba, ko da yake Mariama ta ɓoye masa kaɗan a bayan idona. Washegari da sassafe na gan shi a tasha da kwamfutar a kai, yana jiran Lawali ya buɗe rumfa. Lokacin 'yan makonni suka rage a shiga jarrabawa.

Ya ce, "Buɗe mata ɗakinta, da kod ɗinta ita kaɗai." Muryarsa kamar ana cire masa haƙori.

Lawali ya yi 'yan danne-danne, ya ce an gama, ya tambaya, "Lokaci nawa za a ba ta?"

"Duk wanda sunka cinye mata. Ka maido mata shi."

Lawali ya ɗaga hannunsa daga kan maɓallan ya ce, "Baba Illo, wanga kam Linuks bai iya ba."

Na shirya maganganu cike da baki tun daren jiya. Da na ga fuskar yayana, sai na juya kifina.