Man da Ƙaninsa Ya Zuba

Motar maigidana ba ta san nisa ba. Tun da ya yi ritaya, fitarta ranar Juma'a ce zuwa masallaci, sai ƙarshen wata in zan sayo buhun shinkafa. Sauran hidima keke napep ke yi mana. Tana nan ƙarƙashin rumfar kwano, lulluɓe da tsohon zanen gadona, kaji suna shan inuwarta.

A jikin sitiyarin akwai wani ɗan kwali ɗaure da zare. Ƙanin maigidan ne ya rubuta shi, Allah ya jiƙansa. Makaniki ne, shi ke duba mana motar, kuma duk sa'ad da ya yi juyen baƙin mai sai ya rubuta lambar kilomitar da za a kai kafin a sake. Wata biyu bayan juyen ƙarshe ya rasu. Aka shekara huɗu, motar ba ta ci ko rabin lambar ba.

Sai saƙo ya zo daga garin Awe cewa Iya, surukata, ƙafa ta hana ta tashi, tana son ganin ɗanta kafin azumi. Shi kaɗai ya rage mata. Muka shirya tafiya da sabuwar katifa da kayan abinci, ga bayansa ba ya jure motar haya, dole sai da tamu.

Na ce, "Malam, a kai motar nan a yi mata juye kafin mu kama hanya."

"Juyen me? Karanta kwalin nan, ke da kika yi sakandare."

"Na karanta. Amma shekara huɗu fa."

"Tafiya ke cinye mai, ba zama ba."

Na ce masa man gyaɗan da na ajiye a jarka tun bara, ban taɓa shi ba, amma warinsa ya canza.

"To, uwargida, mota ce wannan, ba tukunyar miya ba."

Ya yi dariya, amma na ga babban yatsansa yana shafa kwalin. Bayan la'asar na hango shi ta tagar kicin ya buɗe bonet, ya zaro geji, ya tsaya yana kallon man da ke jiki har miyata ta kusa kamu. Nan na gane ba kilomita muke gardama a kai ba. Zuciyata ta karye, don ni ma har yau ban iya ba da kwanon da marigayin ke cin tuwo a ciki ba. Sai dai hanyar Awe ba hanyar masallaci ba ce. Na kai kukana ga Allah a sujada, washegari na roƙe shi abu ɗaya: a kira wanda ya sani ya duba, in ya ce a bari, ba zan ƙara magana ba.

Wanda ya zo wani ɗan ƙabilar Eggon ne, magidanci mai garejinsa, wanda a hannun marigayin ya koyi aiki. Ya murza man a yatsu, ya shinshina.

"Oga, gaskiya baƙin mai bai mutu sosai ba. Ya tsufa dai."

Malam ya juyo ya dube ni. "Kin ji ko, injiniya?"

Mutumin ya buɗe ɗan tankin man birki. Launinsa kamar shayin da ya kwana ba madara.

"Wannan ne wahala. Mama, kin san gishirin Awe in damina ya zo?"

Na ce yana jiƙewa ko a cikin rufaffen kwano ne.

"Haka man birki. Yana zaune yana shan ruwa, ko mota bai je ko'ina ba. Ranar da birki ya yi zafi ka taka, ƙafa zai tafi ƙasa kawai, ba komai."

Malam ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Hannunsa ne ya zuba."

Makanikin ya cire hularsa ya dubi kwalin.

"Na sani, Oga. Ni na riƙe masa mazurari. Bai san mota zai zauna ba shi ya sa ya rubuta kilomita. Wallahi da yana nan ya ga wannan mai, ni da kai duka za mu sha zagi. Ya taɓa korata gida kwana uku a kan irin wannan."

Malam ya yi dariya har da share ido, don kowa ya san bakin ƙaninsa. Ya ce, "Juye duka, har da ruwan lagireto. Amma kwalin, kar ka cire."

Makanikin bai cire ba. A ƙasan tsohon rubutun ya sa nasa, wannan karon har da wata da shekara.

Ranar tafiya, mun wuce garin Obi kaɗan sai ga garken shanu ya ɓullo a kwana. Malam ya taka, motar ta tsaya cak, katifar ta zamo ta daki ƙeyata. Muka zauna muna kallon shanun suna wucewa, ina ta hamdala a zuci. Bai dube ni ba. Da ya sa giya sai ya ce, "In mun koma ki zubar da man gyaɗan nan."

Iya ta rasa inda za ta sa mu don murna. Da muka natsu, ya kwance kwalin ya kai mata. Ba ta karatu, amma ta riƙe shi a tafin hannu tana yi wa mai rubutun addu'a, sannan ta mayar masa, ta ce a ɗaure a inda yake. Ta cika mini leda da gishiri.

Tun daga nan kusan duk wata sai mun je. Zanen gadon ma na ɗauke shi na wanke. Jiya Malam ya leƙo kicin da kwalin a hannu, wai saura kaɗan mu kai lambar ƙaninsa.