Shinkafar da Kaka ke kaiwa asibiti

Mama ta rasu a shekarar da na gama sakandare. A Gwadangaji muke zaune lokacin. Baba malamin makaranta ne, ɗan Furotesta tun kakanni. Mama kuwa a Katolika ta tashi, sai da ta yi aure ta bi cocin mijinta.

Mahaifiyarta, Kaka, tana Argungu. Bayan rasuwar, kowace Juma'a takan dafa shinkafa da kifi ta kai wa marasa lafiya a asibiti, ta ce ladan ya je wa ɗiyarta, ko Allah ya gaggauta tsarkake ta. Ran nan da ta zo duba mu ta ce in riƙa zuwa ina taya ta.

Baba na zaune nesa kaɗan, kansa a sunkuye kamar yadda ya saba a gaban surukarsa. Ya ce mata, "Mama, ku yi haƙuri. Ɗiyarku ta ba da gaskiya, kuma bangaskiyar nan ta cece ta. An riga an gama. Shinkafa ba ta ƙara mata komai."

Kaka ta ce, "Malam, bangaskiyar da ba ta hura wuta, mi za ta ba mai yunwa?"

"A ba mai yunwa, Mama. Amma don shi, ba don ita ba."

Maganar Baba ta fi daɗi a kunnena. Ina son in ji cewa Mama ta huta, ba ta jiran kowa. Sai dai idan an gama, ni me ya rage mini? Wata biyar ina shafa mata mai a ƙafa, ina dama mata kunu. Yanzu hannuwana sun rasa abin yi. Da rana nakan zauna in zuba musu ido.

Wata Alhamis na ce wa Baba zan tafi Argungu. Da safe ya raka ni tasha, ya miƙa mini leda cike da albasa.

Ya ce, "Ki kai. Amma ki sani uwarki ba ta buƙata."

Na gaya wa Kaka. Ta ce, "To. Yanka albasar."

A asibiti, a ɗakin mata, na tarar da wata tsohuwa da ba ta iya ɗaga cokali. Na tallafi kanta ina ba ta. Wuyanta da ɗumi, mara nauyi. Ban roƙa wa kowa lada ba. Na dai ƙi sauri, har shinkafar ta huce.