Ragon da Ba Shi da Kai

Babana mai agashe ne, abin da a ƙasar kakanninmu ake kira tsire. Tun kafin a haife ni yake kafa tukubarsa a bakin tashar da motocin unguwar Dar Salam ke sauke mutane a Omdurman, daga la'asar zuwa bayan magariba. Da wannan tukubar ya ciyar da mu, da ita ya kai ni jami'a a Khartum, har na fito ina ganin na fi shi sanin duniya. Wannan ganin ne ya cuce mu. Abin ya faru kafin yaƙin nan ya tarwatsa garin.

A cikin mota na fara ganin bidiyon, ina dawowa daga aiki, mun tsaya a kasuwar Suk al-Shabi ana cika kujeru. Matar da ke kusa da ni ta turo mini wayarta har hanci, ta ce in dubi abin da mutanen nan ke ciyar da mu. Wasu maza ne a wani tsakar gida suna feɗe karnuka. Ƙasar wurin ja ce, bishiyoyin ba irin namu ba, yaren da suke yi ko kusa ba Hausa ba ne. Amma an rubuta a ƙasa da Larabci cewa masu agashen Omdurman ne. Matar ba ta san ko ni wace ce ba, don Larabcina irin nata ne. Har girgiza kai na yi ina taya ta ƙyama, kuma har yau ina jin kunyar wannan girgizar.

Kafin mako ya zagayo bidiyon ya shiga kowace waya. Ciniki ya ɗan ja baya, amma bai mutu ba. Baba ya ce a yi shiru, ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, kuma ba shi aka kira da suna ba. Ni kuwa na kafe. Kwana uku ina bin sa da lacca, ina ce masa zamaninsa ya wuce, abin da aka faɗa a waya a waya ake mayar da shi. Mai ilimi ta yi magana, sai tsoho ya sakar mini.

Ranar Juma'a da hantsi na ɗauke shi bidiyo a tsakar gidanmu. Ya sa farar jallabiyarsa ta masallaci, ya naɗa rawani, ya tsaya kusa da ragon da ya feɗe ya rataye. Ya yi magana da Larabci, ya rantse da Allah, ya ɗaga cinyar ragon ya nuna. Abin da ban lura da shi ba shi ne ragon ba kai, ba ƙafafu. Akwai wata makwabciyarmu da mijinta ya rasu, tana dafa kawari, wato romon kai da ƙafa, tana sayarwa. Da zarar Baba ya yanka, kafin ya wanke wuƙa, yake aika mata kan da ƙafafun, don ya ce rabon marayu ba ya jiran rana ta yi zafi. Mun saba da hakan har idonmu ya daina gani. Na ɗora bidiyon ina jin kaina kamar na ci yaƙi.

Kwana biyu aka yi. Wani da ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba, ya yanke maganar Baba duka, ya tsayar da hoton daidai inda ya ɗaga cinyar, ya zagaye ta da jan layi, ya manna a ƙarshen bidiyon karnukan. Ya rubuta: ina kan, ina kofaton? Da can zargin ba shi da fuska. Ni na ba shi fuskar ubana, da rawani da komai.

Na karanta abin da mutane suka rubuta a ƙasa, abin da bai kamata in yi ba. Da yawa cewa suke ya koma ƙasarsu. Kakansa a ƙafa ya zo kan hanyar Makka, ya tsaya, kabarinsa yana nan ƙasar, a yankin Jazira, amma wai ya koma. Na sake ɗora cikakken bidiyon. Na ɗauki wani, da kan rago a hannun Baba, ƙaho da komai. Wa zai kalli tsoho riƙe da kan rago? Ba daɗi a ciki. Har a guruf ɗin danginmu wani ɗan kawuna ya turo na ƙaryar, ya rubuta "Allah ya kyauta" a ƙasa. Masu duba lafiyar abinci sun zo, ba su sami komai ba, suka ba shi takarda. Ya sa ta a leda ya rataye a jikin tukubar, iska ce kaɗai ke karanta ta. Shi ya sa da yaƙi ya zo, wayoyi suka fara nuna wane maci amana ne, wane ɗan leƙen asiri, ban yi mamaki ba ko kaɗan.

Duk da haka Baba ya ci gaba da fita, yana komowa da nama fiye da rabi. Wata la'asar na kai masa garin ƙuli da ya manta, sai ga wani tsohon malamin makaranta, wanda ya fi shekara ashirin yana sayen agashe a wurinsa. Ya so ya wuce, Baba ya yi masa sallama, dole ya tsaya. Suka gaisa, ya gida, ya yara. Baba ya yanko ɗanɗane mai zafi ya miƙa masa a bakin wuƙa, kamar yadda yake yi wa duk wanda yake girmamawa. Malamin ya karɓa, amma bai kai baki ba.

"Ma'alesh, ya Hajj," ya ce da Larabci, yana ba shi haƙuri. "Ni na san ka. Amma yara sun nuna mini, na gani."

Ya tafi da naman a dunƙule a hannu. Da ya kai kwana ya saki hannun a hankali, yana zaton ba a ganinsa. Baba ya gani, ni ma na gani. Sai ya ce in zuba ruwa a garwashin. Bai sake hura shi ba. Tukunyar kawarin makwabciyarmu ma daga ranar ta sauka.

Bai taɓa ce mini laifina ba ne. Da ya zage ni, da na sami sauƙi. Yayana ya saya masa babbar waya don ta ɗebe masa kewa, sai ya koma zama a gindin bishiyar dogon yaron gidanmu, yana jan yatsa daga safe har yamma, mutumin da a da ko kira sai an danna masa.

Akwai wani mai madara da ke zuwa unguwarmu da jaki kowace safiya, yana buga sanda a jikin gwangwaninsa, tun ina 'yar makaranta. Wata rana na shigo da kwanon madara, Baba ya ce in zubar. Ya juyo mini wayar: wasu mutane ne a wani wuri suna zuba farin gari cikin duro, an rubuta masu madarar Omdurman.

"Baba, kai ma?" na ce.

"Nawa ƙarya ne, 'yata," ya ce. "Wannan kuwa ga shi ana gani."

Washegari mai madara ya tsaya a ƙofarmu ya buga gwangwani, ya jira, ya sake bugawa. Baba ya ce kada kowa ya buɗe.