Direktan Gidan Cuku

Hanatu mai cuku ba a Dakoro aka haife ta ba. A wani ƙauye ta tashi can wajen Azagor, inda shanu suka fi mutane yawa. A hannun wata tsohuwar Buzuwa maƙwabciyarsu ta koyi yadda ake daskarar da madara, a shimfiɗa ta falan-falan a kan asabari, a shanya har ta bushe ta zama cuku. Aure ne ya kawo ta gari. Mijinta Mamani dillalin awaki ne a kasuwar bisashe, mutum mai babbar riga da zaƙin baki, wanda yakan yi ta yabon akuya har mai ita ya ji ba zai iya rabuwa da ita ba, ya ja abarsa ya koma gida.

Da ƙwarya guda ta madara Hanatu ta fara. Cukunta ba ya tsami, ba ya karyewa a hanya, sai matafiya suka riƙa tsayawa ƙofar gidanta kafin su shiga mota. Aiki ya fi ƙarfinta, ta ɗauki ƙawarta Uwale, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da ƴaƴa, sannan ta ƙara wasu mata biyu. Shi kuwa Mamani, tun da ya ga tukunyar gida tana tafasa ko ya fita ko bai fita ba, sai ya rage zuwa kasuwa. Ya kafa kujerarsa ƙarƙashin itacen bedin da ke tsakar gida, ya ce lura yake da aiki. Lurar ita ce ya gutsiri cuku ya tsoma a shayi, in kaza ta nufi asabari ya ce wa Uwale ta kore ta.

Ana nan sai wani babban kanti na Maraɗi ya aiko yana son cukun Hanatu kowane mako, amma da sharaɗi: sai ta yi rajistar sana'arta, ta sami lambar lanho, wato haraji. Hanatu ta yafa mayafinta na biki ta nufi biron lanho, ofishin da ake biyansa. Mamani ya ce zai raka ta don ya fassara mata Faransanci, ko da yake iyakar abin da ya sani a ciki shi ne gaisuwa da yadda ake cewa "to madalla".

Ma'aikacin da suka tarar, Kamilu, wanda ake ce wa Mushe, wato malam da Faransanci, Bahaushe ne ɗan Kornaka, don haka fassara ba ta taso ba. Ya yi mata bayani a tsanake. Tun da tana da masu yi mata aiki tana biyansu duk wata, dole ta sanar da su. In za ta biya albashi, sai ta fara cire rabon gwamnati daga ciki ta kawo nan biro. Kuma ta rubuta su a Kes, asusun da ke ajiye wa ma'aikaci kuɗin tsufa, su zuba nasu, ita ma ta ɗora nata.

Hanatu ta dafe ƙirji. "Mushe, wato ni za a maida mai amsar lanho? Kakana in ya ji masu lanho sun taho, cikin rumbu shika shiga a rufe shi da zana!"

"Hajiya, yanzu ba a shiga rumbu," in ji Kamilu yana dariya. "Faɗa mini sunayen ma'aikatanki."

Ta lissafa Uwale da sauran biyun, ta ce shi ke nan. Mamani ya yi gyaran murya. Ba wanda ya kula, ya sake yi da ƙarfi har mai gadi ya leƙo.

"Ba ta faɗi direkta ba," in ji shi.

"Wane direkta, Malam?" in ji Hanatu.

"Wa ka zama tun safe har marece shina duba aikin ga? Bedi?"

Kamilu ya ce doka ba ta hana mace ta ɗauki mijinta aiki ba, in dai za ta biya shi da gaske. Ya tambayi albashin. Mamani ya ce ko nawa ne, a tabbata ya ninka na Uwale, don ba a taɓa jin inda direkta ya yi kunnen doki da mai wankin ƙwarya ba. Kamilu ya gargaɗe shi cewa lanhon albashi hawa yake yi, wanda ya fi samu shi ake fi yanka. Mamani ya kaɗa hannun riga ya ce babban mutum ai da babban lanho aka san shi.

Hanatu ta buɗe baki za ta ƙi, sai ta tuna gwangwanin da take ajiye ciniki, da yadda hannun Mamani yake ziyartarsa don shayi da goro da gudummawar kowane suna a unguwa. Ta auna a ranta, ta ga albashin ya fi mata sauƙi.

"Na yarda," ta ce. "Amma daga yau direkta ba shi taɓa gwangwani."

"Mi zan yi da gwangwani, ni da ke da albashi?"

Da katinsa na Kes ya iso daga Maraɗi da hotonsa a jiki, Mamani ya zaga da shi kasuwar bisashe rumfa-rumfa. Har wani Bafillace da ya zo sayar da bijimi, bai san shi ba bai san Hanatu ba, sai da ya riƙe katin ya yaba.

Wata ya ƙare. Hanatu ta zauna a tabarma ta miƙa wa kowa ambulan ɗinsa. Abin da aka cire wa matan kaɗan ne, don albashinsu ƙarami ne kuma ƴaƴan da suke ciyarwa sun rage musu nauyi. Uwale ta ce ko kuɗin sabulu bai kai ba, ta ɗaure nata a bakin zane. Mamani ya buɗe nasa, ya duba, ya zazzage ambulan ɗin, ya leƙa cikinsa.

"Hanatu, wa ya ci mini albashi?"

"Gwamnati, Malam."

"Ta wace ƙofa ta shigo gidan ga ban gan ta ba?"

"Ta hannuna. Kai ka ce a ninka."

Washegari ya shiga yajin aiki. Matsalar ita ce ba wanda ya lura. Yana zaune a kujerarsa ƙarƙashin bedi kamar kullum, mata suna ta kai da kawowa, har Uwale ta kawo masa cukun ɗanɗano ya karɓa kafin ya tuna. Da ya ga abin ba ya tafiya, sai ya tashi ya yi shela da bakinsa cewa yaji yake yi, ya ja kujerar ya kafa ta tsakiyar rana don a ga bambanci. Hanatu ta ce Allah ya ba da sa'a, ta roƙe shi tun da yana wurin ya sa ido kan asabarin da ke kusa da shi. Kafin azahar zufa ta jiƙa babbar riga, yaji ya koma inuwa.

Ya tafi wurin Kamilu ya kai ƙarar uwar ɗakinsa. Kamilu ya ce hanya biyu ce: ko a rage albashin, lanho ya ragu, ko ya ajiye aiki. Mamani ya tambaya ko za a iya rage albashin ba tare da Uwale ta ji ba. Kamilu ya ce shi dai ba zai faɗa ba, amma bai san Hajiya ba. Mamani ya yi tunanin Hajiya da Uwale a bakin murhu, ya tabbata kafin la'asar labari ya bar Dakoro ya kai har garin Korahane. Ajiye aiki kuma, bayan duk kasuwa ta ga kati, bai ma taso ba. Ya dawo gida ya ce ya janye yaji saboda darajar sana'a.

Hanatu ba ta yi masa dariya a gabansa ba, sai da ta shiga ɗaki. Amma ta ga wata dama. Abin da ta fi ƙi a duniya shi ne zaman layi a biro duk wata, madara tana jiranta a gida. Ta ce masa kai lanho aikin direkta ne, bai kamata a ga mace a wurin ba alhali gidan yana da babba. Mamani ya ce dama yana shirin faɗa mata haka.

Tun daga nan, farkon kowane wata yakan sa rigarsa mai aiki, ya rataya jaka, ya kai lanhon gidan cuku, har da wanda aka yanka a jikinsa. Bai taɓa makara ba, don layin biro ya fi masa kasuwa daɗin hira. Yakan yi wa teloli da masu gidan burodi bayanin dokar albashi da ƙarfin hali, Kamilu kuma ya bi baya yana gyarawa.

Da ranar ma'aikata ta zo, Mamani ya ce shi ma zai yi maci, tun da yanzu ma'aikaci ne mai kati. Hanatu ta saya masa yadin da ma'aikata suka yi anko da shi. Ya shiga sahu tsakanin malaman makarantar lakwal da ma'aikatan likita, yana ɗaga kwali da aka rubuta masa cewa masu ba da aiki su ji tsoron Allah. Hanatu da Uwale suna bakin hanya da tiren cuku, ciniki ya yi kyau ƙwarai ranar. Da ya zo daidai su ya ƙara ɗaga kwalin, ya kau da kai. Sai da sahun ya ɗan wuce ya waiwayo ya ɗaga murya.

"Hanatu! A aje mini tuwona, macin ga da nisa!"